Fuskar da Tasi'u Ya Ara

Duk wanda ya taɓa yin aski a Yalwawa, ko ya sayi magani a wani kemis na Takur, ya san hannun Tasi'u ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai zana allunan shaguna: kan mutum da sabon aski, kaza gasassa a ƙofar gidan abinci, addu'ar matafiya a bayan adaidaita sahu. Siriri ne, ba ya son hayaniya, kuma kullum da ɗigon fenti a gefen kunnensa kamar da shi aka haife shi.

A Kiyawa ya tashi, gidan Malam Ɗanmusa mai makarantar allo. Karatu bai zauna masa sosai ba, amma zayyana ta zauna daram. Idan ɗalibi zai yi sauka, shi ake miƙa wa allon ya ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa, har iyayen yaro su rasa bakin godiya. Malam yana jin daɗin haka, sai ranar da ya juya wani allo ya tarar da doki a bayansa, har da linzami. Bai doke shi ba. Cewa kawai ya yi, "Tasi'u, ka kiyayi zanen abu mai rai. Ranar gobe za a ce ka hura masa numfashi." Tasi'u ya ce to, ya ci gaba a ɓoye. Malam lahira yake jiye masa. Ita kuwa masifar tun a duniya ta iso, kuma ba a kan mai zanen ta sauka ba.

Da ya zo Dutse neman na kansa, ba shi da kowa sai gwangwanin fenti da buroshi. A gindin wata darbejiya a Yalwawa ya haɗu da Iya mai ƙosai. Mutuniyar Taura ce, aure ya kawo ta. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna ƙanana, ita kuma ta ƙi komawa gida, ta kafa kaskonta ta zauna. Tana da bille a kunci, da giɓi a gaba, da wani jan kallabi da ba ta rabuwa da shi, da tabon mai a bayan hannun dama. Ta ga yaro yana haɗiyar yawu daga nesa, ta yafito shi.

"Kai ɗan nan, ƙosai ba a cinsa da ido. Matso."

Tun daga ranar ta zama uwarsa a garin. Ita ta shiga ta fita har aka ba shi Marwa. Ita ta dafa ruwan jego da aka haifi Ruwaida, kuma a bayanta yarinyar ta yi wayo, da ƙosai a hannu tun kafin haƙori ya fito. Yaran unguwa kaf a wurinta suke karyawa kafin su wuce makaranta, kuma wanda ya zo hannu rabbana ba ya tafiya haka.

Bara, da damina ta kankama, Madam Cecilia ta zo shagon Tasi'u. Malamar firamare ce, 'yar Filato, ta daɗe a Dutse har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari gishiri. Ita da wasu malamai suna shirya baje kolin zane-zane a kan tatsuniyoyin da yara ke karantawa a aji da waɗanda kakanni ke yi musu a gida. Kowane mai zane zai ɗauki tatsuniya guda.

"Malam Tasi'u, ka gaji da zana kaza haka nan," in ji ta. "Zo ka nuna wa mutane abin da ke hannunka."

Wannan magana ta shige shi. Shekara da shekaru yana jiran wanda zai ce masa haka. Tatsuniyar da ta faɗo masa ita ce ta wata tsohuwa a bayan gari, mai kiran yara da murmushi ta ba su abinci, idan sun ci ta kama kurwarsu ta jefa a tulu ta rufe.

Tasi'u yana da wani rauni da bai taɓa faɗa wa kowa ba: ba ya iya zana fuska daga ka. Sai ya ga abu yake kwaikwaya. Ya gwada tsohuwar nan ya goge, ya gwada ya goge, kullum sai ta fito kamar dodon gona, ba ta ba ko jariri tsoro. Wata safiya yana tsugune yana jiran ƙosai, Iya ta ɗago kai daga kasko ta yi wa wani yaro murmushi, hayaƙi ya rufe rabin fuskarta. Ya ƙura mata ido. Abin da yake nema ke nan, tsohuwar da yaro zai amince wa.

"Iya, zan zana ki. Za a rataye ki a babban zaure, manyan gari su zo su gani."

Ta tuntsire da dariya har ta kusa kifar da ƙullu. "Ni? Da wannan giɓin? To ka cike min shi, ka ji, kada ka kunyata ni."

Bai gaya mata ko wace ce za ta zama ba. Ya ce a ransa ai zane ne kawai, zai ɗan sauya kamannin daga baya. Bai sauya ba. Duk sanda ya ɗauki buroshi zai goge billen, sai ya ga hoton zai mutu, sai ya fasa. Ya bar jan kallabin, ya bar giɓin, ya bar har tabon man. Ya ƙara mata tulu a gefe, da ƙananan inuwoyin yara suna leƙowa daga bakinsa. A tsakar gidansa ya yi aikin, Ruwaida tana zaune tana kallo kullum, tana tambayar me Iya ta ɓoye a tulu. Marwa ta taɓa cewa, "Baban Ruwaida, anya kuwa?" Ya ce mata ita ba ta san aikin fasaha ba. Wannan amsa tana cikin abubuwan da ke hana shi sakewa har yau.

Ranar buɗe baje kolin zaure ya cika. An yanka ƙyalle, an yi jawabai masu tsawo, an raba lemo. Akwai zanen kura da akuya, akwai na 'yan mata a bakin rafi, amma a gaban na Tasi'u mutane suka yi cincirindo. Wani babban ma'aikaci ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Kansa ya yi girma, har yana jin da Malam yana raye da ya sauya magana.

Sai aka shigo da 'yan makaranta, layi-layi, cikinsu har da na Yalwawa. Wani yaro ya nuna hoton da yatsa.

"La! Iya mai ƙosai!"

Malaminsu ya karanta musu abin da aka rubuta a ƙasa, ya ba su tatsuniyar a taƙaice. Can wata yarinya ta dafe ƙirji ta ce, "Kurwata kur!" Sauran suka ɗauka suna dariya. Manya ma suka yi dariya, suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Tasi'u ya yi dariyar yaƙe tare da su. Ya ga lokacin da zai iya sauke hoton ya juya shi bango, ya tsaya yana karɓar gaisuwa har lokacin ya wuce.

Iya ba ta je ba. Ta ce wa zai kula mata da kasko.

Magana zarar bunu ce. Kafin sati ya zagayo hoton ya shiga kowace waya a Yalwawa, ba tatsuniyar, ba sunan taron, fuskar Iya kawai da tulunta. Aka fara tuno abin da ba a taɓa damuwa da shi ba: ina 'ya'yanta, ina mijinta, me ya hana ta komawa garinsu. Wasu suka ce ai mai zanen ɗan gidanta ne, ya san abin da ya gani, ruwa ba ya tsami banza. Iyaye mata suka fara dama wa yara kunu a gida. Iya takan soya ƙosai ya huce a faranti, ta tattara ta ba awaki. Madam Cecilia da ta ji labari ta sauke hoton da hannunta, ta bi ajujuwa tana yi wa yara faɗa, amma wa zai sauke na cikin wayoyi?

Tasi'u ya daina bi ta gindin darbejiya. Yakan zaga ta bayan masallaci, ya ce wa kansa zai je ya yi mata bayani idan ƙura ta lafa. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama Ruwaida, irin na damina mai tafasa jiki. An kai ta asibiti an fara allura, aka dawo da ita gida. Da rana tsaka jikin ya yi zafi, ta fara sambatu, idonta a kafe a kan katangar da hoton ya daɗe a jingine.

"Iya, buɗe tulun. Iya, ki buɗe."

Gwaggon Marwa tana zaune a wurin. Ta miƙe tana salati. Kowa ya san abin da ake cewa idan mara lafiya ya kama sunan mutum, kuma kowa ya san maganin da ake nema: a kira wanda aka ambata ya tsallaka shi, ya sakar masa kurwa. Kafin la'asar gidan ya cika da mata. Aka aika a kira Iya.

Ta zo da saurinta, da ƙullin saiwoyi a hannu, a zatonta jinya aka kira ta. Da ta ga yadda aka dare mata hanya, ta ga an shimfiɗe yarinyar a tsakar gida, sai ta gane. Ta tsaya. Marwa ta zube a gabanta tana kuka.

"Iya, don Allah don Annabi. Ban ce ke ba ce. Amma ki tsallaka ta, ko hankalina ya kwanta."

Iya ba ta dubi Marwa ba. Tasi'u ta duba, yana raɓe a bakin zaure. Shi ya fi kowa a gidan nan sanin inda yarinyar ta samo tulun. Magana ɗaya ta ishe shi: ni na zana, ni na ƙirƙira, a gabanta na yi. Ya buɗe baki. Ya dubi 'yarsa tana karkarwa, wani abu ya raɗa masa, in kuma gaskiya ne fa? Shi da ya haɗa ƙaryar da fentinsa, shi ne ya tsaya yana shakka. Ya sunkuyar da kai.

Iya ta ajiye ƙullinta a ƙasa. Ta san idan ta ƙi za a ce mugunta ta hana ta, idan ta yi ta amsa sunan. Ta tattare zaninta ta tsallaka yarinyar da ta goya, sau uku. Ta juya ta fita.

Allurar asibiti ta yi aikinta, Ruwaida ta tashi bayan kwana biyu. Unguwa ta ce ka gani ko. Tasi'u ya yi murnar tashin 'yarsa, ya kuma san cewa wannan tashin ne ya gama da Iya. Daga baya ya yi magana, a masallaci, a majalisa, a gaban duk wanda zai saurara, har da rantsuwa. Aka ce kawaici ne irin na ɗan halak, yana rufa wa uwar riƙonsa asiri. Ya kai hoton bayan gari ya ƙone. Kafin kaka ta shigo Iya ta ɗaure kaskonta ta hau mota zuwa Taura.

Sai bayan sallar layya ya iya zuwa. Ya same ta a gidan ɗan ƙaninta, a wani ɗaki na can ƙarshe, tana ɓarar gyaɗa. Labarin ya riga ta isowa, don haka yaran gidan daga nesa suke wasa. Kallabin kanta baƙi ne. Ya durƙusa ya fara jero abin da ya daɗe yana shiryawa, ta katse shi.

"Wani yaro ya nuna min a waya. Ka iya, Tasi'u. Amma na ce ka cike min giɓin, ka ƙi."

Ya kasa ɗaga ido. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun a mota, don ba ta son ta je gaban Allah da kaya. Sannan ta tambayi Marwa, ta tambayi ko Ruwaida ta mayar da jikinta, ko har yanzu tana ƙin cin yaji. Ya ce zai kawo mata ita ranar Juma'a.

"A'a, kada ka kawo ta."

Da zai tafi ta raka shi bakin ƙofa. Ta ɗebi gyaɗar da ta ɓare, ta zaɓi manya-manya, ta ƙulle a leda ta miƙa masa. "Ungo, ka kai wa 'yar tawa." Ya sa hannu biyu zai karɓa, sai ta janye. Ta dubi ƙullin, ta mayar da shi cikin zaninta.

"Bari kawai. Kada ta ci abin hannuna ta yi ko da mura ce."

Tasi'u yana nan a Yalwawa, yana rubuta allunan shaguna. Masu aski suna ƙorafi cewa yanzu almakashi da mataji kawai yake zana musu, ya ƙi yin kan mutum ko nawa za a ba shi. Wata mai awara ce ta gaji gindin darbejiyar. Ruwaida kuwa, duk sanda suka bi ta wurin, sai ta ja rigarsa ta tambaye shi yaushe Iya za ta dawo.