Kifin Lurwanu da Muzurun Biba

Lurwanu ba ya shanye furarsa. Ko a gidansa ne, ko a wurin suna, ko a gona ranar gayya, in ya sha ya kai ga tsakin da ke kwance a gindin ƙwarya, sai ya tsame ludayi, ya rufe da faifai, ya ajiye gefe. Baƙo kan ɗauka ƙoshi ne. Mu da muka tashi tare da shi mun san ba haka ba ne, don Lurwanu dogo ne, dogo kuwa ba ya rasa wurin zuba fura. Ragowar nan tana da masu ita.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu, can tsakanin Karofan da Buza: gero da dawa da damina, albasa da rani. Garkarsa tana bayan gari, tana da rijiya da jigo, da wani rami da ya shafe da siminti inda yake tara ruwan ban-ruwa. Mutum ne mai son a ga abinsa a cike. In ka bi ta garkar ka tarar ramin nan bai kai baki ba, to Lurwanu ba shi da lafiya.

Mu mutanen dutse ne, ba mu gaji kifi ba. Wanda muka sani a da shi ne busasshe, na kasuwar Madawa, da gaiwar da akan tono a laka. Sai bayan babban farin farko, wajen tsakiyar shekarun saba'in, wasu ma'aikatan ruwa da daji suka zo da mota, suka juye 'ya'yan karfasa daga cikin tano, wato duro, a tabkinmu, suka yi gaba. Kifin ya karɓi wurin. Kafin a jima mata sun koyi fere shi, miyar kuka ta sami aboki.

A tamanin da huɗu ruwa bai zo ba. Ba zan tsaya kan wannan shekara ba, wanda ya gan ta ya gan ta. Tabkin da ba mu taɓa ganin gindinsa ba ya koma taɓo, kifi na birgima a ciki, gari duka ya fita da kwanduna. Lurwanu ma ya fita, amma da tulu biyu a kan jaki. Kowa na neman manya, shi yana tsince ƙanana, waɗanda ba su wuce yatsa biyu ba.

Na ce masa, "Lurwanu, waɗanga ko miya ba su yi."

Ya ce, "Iri na. Gaiwa ta san yadda taka ɓoyo cikin laka, karfasa ba ta sani ba. In munka cinye duka, wa zai sake kawo muna mota?"

Ya juye su a ramin siminti, ya ce nan za su zauna har ruwa ya dawo ya mayar da su gida. Tun ran nan ya fara rage fura. Da la'asar sakaliya yakan zo bakin ramin, ya ƙwanƙwasa ƙwarya da ludayi, ƙwas ƙwas ƙwas, ya watsa tsakin. Ba a daɗe ba kifin suka gane. Da sun ji ƙarar sai su taso sama, baki buɗe, kamar 'ya'yan tsuntsu. Daga nan shi kuma ya wanke ƙwarya, ya koma kan jigo.

Labarin bai tsaya ga mutane ba. Kyanwoyin unguwa ma sun ji.

Shugabansu wani jan muzuru ne mai guntun kunne, na Biba. Biba 'yar kawun Lurwanu ce, wato taubashiyarsa, gwauruwa, gidanta ne na ƙarshe kafin garka. Tun suna yara ba su iya gaisawa ba tare da tsokana ba. An taɓa yin wata magana a kansu su biyu, da daɗewa, amma ba ita ta kawo mu ba. Muzurun nan Kumandan take ce masa, wai don ba ya noma, ba ya jan ruwa, amma yana zagaya gari yana karɓar haraji.

Ranar da Lurwanu ya fara tsintar ƙayar kifi a fangalin albasa, ya ɗauke ta ya tafi ƙofar Biba.

"Biba, ki yi ma Kumandan magana."

"Bawan gidanmu, ko sallama babu? Mi yay yi ma?"

"Ya ci min kihi."

"To, kihi ai abinci na. Kai aɗ ɗauke shi ɗan uwa."

"Ki ɗaure shi."

"In ɗaure shi, kai ka zo ka kwana ƙarƙashin rumbuna kana kamun kusu? In ka yarda, ga igiya."

Lurwanu ya dawo da ƙayarsa a hannu. Gaskiyar Biba ce. A shekarar da damin gero ya fi ɗan akuya daraja, babu mai ɗaure kyanwarsa. Dukan kyanwa kuwa ba a yi a garinmu. Tun muna yara aka gaya mana alhakinta ba ya barin mutum, kuma Lurwanu ba shi ne zai fara gwadawa ba.

Sai ya yi abin da manomi ya sani. Ya kafa darnin kara ya zagaye ramin, ya jibga ƙayar bagaruwa a gindinsa, irin shingen da ko bunsuru ya gani sai ya canza hanya. Washegari na biyo ta wurin, na tarar da Kumandan zaune a kan darnin, ya naɗe wutsiya, yana kallon ruwa daga sama. Lurwanu ya dube shi ya ce, "Na gina mai bene."

Ya kafa mutum-mutumi, ya sa masa tsohuwar rigarsa da malafa. Kyanwoyi suka sami inuwa. Biba ta leƙo ta kan danga ta gaida mutum-mutumin, ta tambaye shi gajiya, ta ce ya fi mai rigar fara'a.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ranar asabari. Ya ga tunda ba a iya hana kyanwa zuwa, bari a rufe ramin ruf, yadda ake rufe randa. Ya shimfiɗa asabari biyu, ya danne da duwatsu, ya tafi kasuwar Karofan. Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Da ya dawo ya ɗaga, sai ya ga wasu sun juya ciki sama. Ya tsame su ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta jan sabon ruwa yana zubawa har sauran suka farfaɗo. A ran nan ko Biba ba ta yi masa dariya ba.

Ba ya ƙirga su, ya ce ba a ƙirga iri. Amma ido yana gani. Da farko in ya ƙwanƙwasa ruwan har baƙi yake yi don yawansu. Yanzu kuwa ana iya ganin gindin ramin ta tsakaninsu. Damina da saura, kuma babu wata karfasa mai rai daga nan har inda jaki zai iya kai mutum.

Wata ranar Juma'a muna zaune ni da shi a gindin magaryar da ke ƙarshen garka, sai ga Biba ta zo tsinkar yakuwa, wadda ba ta taɓa roƙo ba, ɗiba kawai take yi. Ta dube shi ta ga ya rame.

Ta ce, "Bawan gidanmu, ni kam na gode ma. Tun da kaf fara kiwon kihi ban ƙara duban rana ba don sanin la'asar."

"Kamar ƙaƙa?"

"Kumandan na kwance ƙarƙashin rumbu kamar matacce. Da ka buga ƙwaryag ga taka, sai shi miƙe, shi yi miƙa, shi hita. Ta Illa ma haka, da ta gidan liman. Sai in ce to, ladan ya yi kira, in ɗauko buta."

Ta cika zanenta da yakuwa ta tafi.

Lurwanu ya bi ta da kallo. Can ya tashi ya je bakin ramin, ya tsaya yana duban ruwan da ya cika fal har yana taɓa leɓen siminti, yadda yake so. Ya tsuguna, ya miƙa hannu kamar yadda kyanwa take miƙa dungunta, ya taɓa ruwan ba tare da ya sunkuya ba. Ya juyo ya dube ni.

"Ashe ni ka kiran su. In tara musu kihi sama, in cika musu ruwa har baki, in juya baya in tahi jigo. Ko gidan biki ba a yi ma baƙo haka."

Na ce masa yau kam Biba ta biya kuɗin yakuwarta.

A yammacin nan ya kwashe ruwa ya ba albasa, har ramin ya sauka kamu guda. Ya yi masa wuya, don duk wanda ya wuce sai ya tambaya ko lafiya. Matarsa Furera ta kawo wata tsohuwar randa da ta fashe a gefe, da wuyan tulu biyu, ta ce, "Malam, kowane mai rai na son ɗaki." Aka nutsar da su a gindin ramin, kifin suka shige kamar da ma su suke jira.

Saura ƙwanƙwasa. Na ɗauka zai daina ne kawai. Ya ce a'a, wanda ka saba kira, in ka daina kiransa, da kansa zai riƙa zuwa, kuma ba ka san lokacin ba. Washegari da la'asar ya ɗauki ƙwaryarsa ya wuce ramin, ya tafi can gindin magarya, ya ajiye wani kasko, ya ƙwanƙwasa. Kumandan ya fito ta ƙarƙashin danga, ya nufi ramin, ya tsaya, ya juya kunnensa ɗaya da rabi. Sannan ya bi ƙarar, sauran na biye da shi. Lurwanu ya zuba musu ruwan furar a kasko. Suna lasa, ya sulale ya koma ramin, ya watsa tsakin ba ƙara, ya tsaya a kai har kifin suka gama suka koma randa.

Ba zan ce daga ran nan ba a ƙara tsintar ƙaya a fangali ba. Kyanwa kyanwa ce. Amma an daɗe ba a tsinta ba.

Sai dai yanzu furar Lurwanu ta zama ta gida uku, a shekarar da ta gida ɗaya ma da ƙyar. Furera ta ce ita ba ta san ta auri mai iyali da yawa haka ba. Ba a yi kwana nawa ba sai aka fara ganin wata 'yar ƙwarya rataye a dangar garka kowace rana, da ɗan tsala a ciki, wani lokaci da ƙanzo. Lurwanu ya tambayi Biba ko ta san mai ajiyewa.

Ta ce, "Ni ina ni ga abin ba bawa? Kumandan dai na biyan kuɗin cin abinci nai. Shi ba matsiyaci ba na."

Ruwa ya dawo a damina ta gaba, ya dawo da ƙarfi. Da tabki ya cika ya kwanta, Lurwanu ya ɗaura wa jaki tulunan nan biyu. Wannan karon ɗaya ma ya isa, amma kifin sun yi tafin hannu, wasu da ciki. Muka raka shi, ni da Furera da Biba, wadda ta ce ita wanki za ta. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya kwantar da tulun a hankali. Suka ɗan tsaya a bakin tulun, sannan suka bazu. Biba ta ce ko sallama ba su yi masa ba, halin dangin ubansa.

Bayan shekara biyu karfasa ta koma miyar garinmu. Akwai masu cewa ambaliya ce ta kawo ta daga wani tabki can sama. Mai yiwuwa ne. Ni dai na ga tulun.

Tun daga nan, kowace kaka sai ya ɗebo 'yan kaɗan ya zuba a raminsa, ko tabki na cike, ya ce wanda ya taɓa ganin gindin tabki ba ya mantawa. Ya kuma ce zai yi wa ramin murfi na gaskiya, ba irin na asabari ba: na sandunan geza, mai tsayi kamar kan rumbu, da idanu manya yadda iska da rana za su shiga, dungun kyanwa kuwa ba zai kai ba. Ya saro gezar, ya lanƙwasa, ya fara ɗauri daga gindi. In na tambaye shi yaushe za a gama, sai ya ce ba sauri, shi da Kumandan sun riga sun yi sulhu. Kowane rani yakan ƙara zagaye ɗaya ko biyu, sai albasa ta kira shi.

Allah ya yi masa rasuwa a ƙarshen shekarun tamanin, bayan an cire albasa, ciwon kwana kaɗan. Furera ta ci gaba da zuwa garka da ƙwarya, Biba na biye da ita tana cewa ba haka yake bugawa ba.

Murfin yana nan jingine a gindin magarya, an ɗaure shi har rabi, sauran sandunan sun miƙe sama ba a haɗa kansu ba. Igiyar kabar da zai ci gaba da ita tana rataye a jiki. Da rana in zafi ya yi, jikokin Kumandan a ciki suke kwana.