Kofi Ɗaya Kawai, Iya

Jiya da yamma 'yata Nana ta baje littafin Turanci a baranda tana fama da kalmomin da malamarsu ta ce a yi jimla da su: pour, gush, drizzle, lavish. Ukun farko na gwada mata da buta da famfo da yayyafi. Da muka zo kan ta ƙarshe na ce mai bayarwa ne ba ya duba abin da ya rage. Ta ce, "Mama, akwai mutane haka da gaske?" Na ce akwai mana. Kakata ce, kuma ni ce na kwana da yunwar halin nata.

A Anacha aka haife ni, a wani gidan haya bayan Head Bridge. Baba yana sayar da albasa a kasuwar Ose Okwodu. Da tsufa ya kama mahaifiyarsa, Iya Tabawa, sai ya ɗauko ta daga ƙauyenmu na ƙasar Sakkwato ya kawo ta wurinmu. Har ta rasu ba ta daina mamakin ruwan kudu ba. Da ya kece sai ta ɗaga kai ta ce, "Garin nan dai samarsa ba ta da marfi."

Bayan magariba takan zauna gaban murhun gawayi a baranda, mu kewaye ta, sauro na cin rabonsa, ita kuma tana jero mana tatsuniya. Muryarta akwai daɗi, ban musa ba. Matsalar Iya ɗaya ce: ba ta san amfanin ludayi ba. In baƙo ya miƙo kwano, tukunyar take kamawa da hannu biyu ta tuttula masa har sai ya ce ya isa, ta ƙara kuma. Umma ba ta iya yi wa surukarta magana, sai dai ka ji kwanuka na shan wahala a wurin wanke-wanke.

Ranar da abin ya zo kaina, ranar azumina na farko ce, wanda na kai har faɗuwar rana ban saci ko kurɓin ruwa ba. Umma ta dama mini kunun gyaɗa da shinkafa, har da madara, ta ce nawa ne, in sha iya cikina. Tun la'asar nake gadin tukunyar nan. Ana dab da kiran salla hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta tumbatsa kan titi. Sai ga samari masu tura baro a kasuwa, 'yan Arewa, sun rugo barandarmu jiƙe sharkaf. Masallacin da suke buɗa-baki suka nufa, ruwa ya tare su.

Na ga idon Iya ya sauka kan tukunya.

"Iya, nawa ne fa!"

"Na ji, ƙawata. Samari, ku matso. Wa ke da kwano?"

Ba su da shi, sai ta ba su namu. Ta kama tukunya ta dinga kwarara musu, suna "Allah ya saka, Iya," tana "ƙaro dai, ɗan nan." Maƙwabciyarmu Mama Chidi ta leƙo ta taga tana dariya: "Mama, you go dash dem the pot join?" Wato har tukunyar ma Iya za ta haɗa musu? Da aka zo kaina, abin da ya tsiyayo cikin kofina bai rufe gindinsa ba. Akwai tuwo, amma wa ke maganar tuwo? Na ture shi, na yi kuka har da majina.

Bayan samarin sun yi salla a gefe, Iya ta gyara gawayi ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ƙannena suka amsa. Ni na juya mata ƙeya, amma kunnena yana wurin.

Wai an yi fari a wani gari har rijiyoyi suka ƙafe. Sai wani tsoho ya shigo yana roƙon ruwan sha. Gidan farko, matar ta ɗebo rabin ludayi, ta duba, ta rage, sannan ta miƙa masa. Gida na biyu, matar ta ɗauko tulun da ya rage mata ta juye masa, ya sha, ya wanke fuska da ƙafa. Ashe tsohon nan Hadari ne ya zo a siffar mutum. Da ya koma sama sai ya auna wa kowacce da mudunta: gonar ta farko yayyafi ya ɗiga mata, ko ƙura bai kwantar ba, ta biyu kuwa ya kwana yana zuba.

Na juyo a fusace. "Ai ta biyun ce ta yi asara! Ruwa mai yawa rushe gida yake yi. Ba shi ya ruɓar wa Baba da albasa bara ba? Tatsuniyarki ta ƙauyenku ce, Iya, a nan ba ta aiki."

Samarin suka fashe da dariya. Iya ba ta yi ba. Ta jima tana juya gawayi, sannan ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ubanki da baro ya fara a garin nan. Wani azumi ruwa ya tare shi a barandar wasu mutane, suna ci suna sha a ciki, ba wanda ya leƙo. Da ruwan da ke zubowa daga bakin kwanon rufi ya buɗe baki, a tafin hannunsa. Ni kuwa ina can gida da kunu cike da ƙwarya, ba mai sha. Sai bayan shekaru ya faɗa mini, yana dariya. Ni ban ga abin dariya ba." Ta nuna samarin da haɓa. "Kowannensu akwai wata tsohuwa can da ta dama kunu yau."

Na share hawayena. Amma kada a ɗauka na huce. Na girma, na yi aure, na dawo Inugu kusa da kasuwar Artisan, na fahimci cewa ba Hadari Iya ke jira ya saka mata ba, ɗanta take ta shayarwa a bakin 'ya'yan wasu. Duk da haka har yau in na tuna sai raina ya sosu. Kofi ɗaya kawai, Iya! Da kin cire mini shi tukuna, me zai ragu? Shi ya sa na yi wa kaina doka: zan tuttula kamar ita, amma sai na fara cire na ɗiyata.

Jiyan nan, muna cikin aikin Nana, ruwa ya tsuge. Samari biyu suka jingine baronsu suka fake a barandarmu suna rawar sanyi, ga kunu a kan wuta. Na cika kofin Nana na ajiye mata a gefe, sannan na juye musu sauran, ina jin kaina mai wayon da ya fi na kakata.

Tukunya ta ƙare ke nan sai ga na uku ya rugo, ruwa na ɗiga daga hularsa. Kafin in juyo, Nana ta riga ta miƙa masa kofinta da hannu biyu.

"Ke! Naki ne fa!"

"Na ji, Mama," in ji ta. "Sha dai, Yaya."

Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa da wa zan yi, yarinyar da ke gabana ko tsohuwar da ke kwance a maƙabartar Anacha.