Wasiƙun da ke neman marigayi Alhaji

Jama'a, ku matso ku ji, yau na ga ana yi wa mamaci wasiƙa!

Na leƙa ɗiyata Hadiza ofishin ƙungiyar manoman shinkafa, nan Bagudo. Ita ke kula da na'urar imel ɗinsu. Ta juyo min kwamfuta. Saƙo bisa saƙo, duk da sunan maigidana Alhaji, wanda aka rufe akwatin imel ɗinsa na ƙungiyar tun rasuwarsa!

Na ce, "Wayyo, abokansa na Illo ba su ji ba! Maza sanar da su."

Ta ce, "Inna, 'yan damfara ne. In mun amsa, sun maƙale mana ke nan. Tun daga ƙofa na'urar ke ce musu babu shi."

"Kullum?"

"Kullum, Inna."

Ikon Allah! Ni har yau bakina ya kasa faɗin haka.