Akwatin da Bai Manta da Buro Ba

Shekarar da na shiga aji uku a kolej, a gidan goggona nake zaune, ƙanwar mahaifina. Ƙauyenmu yana can wajen Gidan Sori, babu babbar lakol, wato makaranta, shi ya sa aka kawo ni gari wurinta. Ita ce sakataren lakol ɗinmu. Duk takardar da za ta fito daga buro, wato ofishin lakol ɗin, ita ke buga ta, har da tambayoyin kompo, wato jarrabawar ƙarshen zango, da bilan, takardar da ake tara sakamakon kowane aji a ciki.

Muna da ɗakin kwamfuta. A jikin bangonsa an kafa wani baƙin akwati mai ramuka a jere da ƙananan fitilu kore, suwic ake ce masa. Wayar kowace kwamfuta cikinsa take shiga. Akwai irinsa a buro, waya ɗaya ta haɗa su ta cikin rufi. Malamin kwamfuta, wanda muke kira Mushe kawai, ya taɓa gaya mana cewa wayar ɗaya ce amma rezo biyu ne a cikinta, wato hanyar sadarwa biyu, na buro daban, na 'yan lakol daban, ba mai leƙa na wani. Wani mai gyara daga Maradi ne ya raba su.

Mun yi wa kwamfutocin yawa, mutum huɗu a kan ɗaya. Da aka samo ƙarin guda uku, sai aka ga ramukan akwatin sun cika. Mushe ya shiga ɗakin ajiya ya ɗauko wani tsohon akwati, ya share shi da hannun riga, ya jona shi da na bango, ya jona sababbin kwamfutocin a jikinsa. Fitilu suka kama ƙiftawa.

"Kun gani?" in ji shi. "Ba sai an taɓa komai ba. Da kansu suke gaisawa."

Na gane akwatin. A samansa akwai da'irar da gindin kofin shayi ya bari. A buro na san shi, bara, lokacin da nake kai wa Goggo abinci, kafin a canza shi da babba. Ban ɗauki hakan a bakin komai ba.

A ɗaya daga cikin sababbin aka zaunar da ni, ni da wata doguwar yarinya mai yawan surutu. Muna buɗewa muka ga wani dosiye, wato jakar ajiye takardu a kwamfuta, da ba mu taɓa gani ba, an rubuta kompo a jikinsa. Kafin in riƙe hannunta ta danna. Tambayoyin lissafi ne, na ajinmu, na sati mai zuwa. Na san aikin Goggo da ganinsa, don ita ce ke jan layi biyu a ƙarƙashin kowane take.

Na karanta tambayar farko kafin in kau da ido.

"Ke, rufe bakinki kar ƙuda ya shiga," yarinyar ta raɗa mini, ta jawo kayenta, littafin rubutunta, ta fara kwafa a bangon baya. "Allah ne ya ga wahalarmu."

Kafin Juma'a rabin ajin sun samu. Ni kuwa abu ɗaya na sa a raina: Goggo ce ta yi kuskure, ta danna wani wuri ta turo mana. In na yi magana na tona mata asiri. Kullum muna cin tuwo kwano ɗaya, ina kallon yatsunta, ina haɗiye maganar tare da lomar.

Da sakamako ya fito, malamin lissafi ya shigo aji da takardun yana juya su kamar ba nasa ba. Yaron da bai iya raba goma gida biyu ba ya ci goma sha tara bisa ashirin. Aka fara kiran mutane buro ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce a kwamfuta suka gani. Mushe ya duba, amma a tasa kwamfutar ya duba, wadda ke jone da akwatin bango, bai ga komai ba. Sai aka ce ƙarya suke yi don su rufa wa wani asiri.

Ni aka kira ta ƙarshe. Goggo na tsaye gefen teburinta. Direkta, shugaban lakol ɗin, yana waya da mai gyaran nan, rezo na yankewa, yana ta "Alo? Alo? Mi ka ce?" Can ya ajiye wayar a hankali, ya dubi Goggo.

"To, madam. Shi ma ya ce matsalar daga bilan take. Wa ke buga bilan a lakol ɗin ga?"

"Ni ce, Mushe Direkta."

"Wa ke buga tambayoyi?"

"Ni ce."

"Ɗiyar wa ke zaune cikin ajin?"

Goggo ta waiwayo ta dube ni. Direkta ya ce ta ajiye makullin buro ta zauna gida, zai rubuta wa na sama. Na ji ƙarar makullin a kan tebur. Ba a ma tambaye ni komai ba.

Kwana biyu tana gida, tana share tsakar gidan da ta riga ta share. A rana ta uku na jira kowa ya fita daga ɗakin kwamfuta, na tsaya bayan Mushe har sai da ya waiwayo.

"Mushe, ka duba a tamu, ba a taka ba. Kuma akwatin can na buro ne."

Ya zauna a kujerata. Dosiyen yana nan inda yake. Ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. "Inna lillahi," in ji shi. "Ni na jona shi da hannuna."

Washegari mai gyara ya iso a kan babur, aka aika a kira Goggo. Direkta ya tare shi da maganar bilan. Mutumin ya yi sororo, sannan ya dafa kai.

"Belan na ce, ranka ya daɗe, ba bilan ba! Da harafin V ake rubuta shi, bakinmu ne ba ya kama shi. Sunan rabon rezon nan ne, na buro belan ɗaya, na yara belan ɗaya."

Ya ce an saita akwatunan ne yadda kowane zai sanar da maƙwabcinsa belan ɗin da yake ɗauke da shi, maƙwabcin ya rubuta, ya buɗe masa hanya da kansa, don kar a riƙa bin su ɗaya ɗaya ana shigarwa da hannu. Tsohon akwatin kuwa har yanzu ramukansa a matsayin na buro suke. Ana jona shi ya sanar, na bango ya karɓa ya gaya wa na buro, hanya ta buɗe daga teburin Goggo har zuwa kujerata.

"Ba wanda suka tambaya?" in ji Direkta.

"Ni suka tambaya, tun ranar da na kafa su. Na bar musu izinin a kowane rami, har na ɗakin yara. Yanzu zan rufe."

Direkta ya daɗe yana kallon fitilun nan. Sannan ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa wa Goggo da hannu biyu. "Ki yi haƙuri, madam. Takardar da na rubuta wa na sama ba ta tafi ba." Ya ce za a sake kompon lissafi ranar Litinin.

A hanyar gida ina bayanta, ina riƙe da jakarta. Mun kusa kwanar gidanmu ta tambaye ni ba tare da ta juyo ba.

"Tun yaushe kika gani?"

"Sati uku."

"Mi ya hana ki gaya mini?"

"Na zaci ke kika yi kuskure, Goggo. Ban so a sani ba."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai amalanke ya kauce mana. Ta juyo ta dube ni sosai.

"Ke ma?" in ji ta.

Ta karɓi jakarta daga hannuna, ta wuce gaba.