Merv Haddow da Kujerar da Ya Bar wa Kaji

Kafin rana ta yi zafi Merv Haddow ya riga ya buɗe rumfar gidan tarihin jiragen sama ta garin Coolamurra, ya ɗora butar shayi, ya bi tsofaffin jiragen ɗaya bayan ɗaya yana dafa musu hanci kamar mai duba dabbobinsa. Idan mu sauran 'yan sa-kai muka iso, tsofaffin makanikai da malaman makaranta da suka ajiye aiki, sai mu tarar ya share ƙasa, ya kori tsuntsayen da suka kwana a kan fikafikai, ya kuma cinye rabin biskit ɗin da aka sayo domin kowa. Wannan na ƙarshen ba ya cikin abin da na zo yabonsa a kai.

Merv ba matuƙin jirgi ba ne. Direban tirela ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a jigilar shanu, kuma bai taɓa tashi sama ba, don ko tsani ya hau sai ya ce kansa na juyawa. Amma kusan duk jirgin da ke gidan tarihin nan a bayan motarsa ya zo. Kowa a yankinmu ya san inda tsohon jirgi yake ƙarewa: a bayan gidan gona, an cire tayoyin an sa wa amalanke, gangar jikin ta zama ma'ajiyar hatsi ko akurkin kaji. Merv ne mai zuwa nemansu, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce a ba shi ba. Zai je ya sha shayi, ya gyara shinge, a yi hirar fari da farashin ulu, ya tafi. Ya dawo, ya sake dawowa, har ranar da manomi zai gaji ya ce, "Kai Merv, wai ba za ka kwashe mini tarkacen nan ba ne?"

Muna da doka ɗaya da ba ma wasa da ita. Idan an je ɗauko jirgi ba a barin ko noti guda. Mukan durƙusa mu tankaɗe ƙasar da ke ƙarƙashinsa da rariya, tsofaffi da mu, gwiwoyi na ƙara. Mai tsaron dokar ita ce Noeline Pascoe, wadda ke ɗinka yadin da ake lulluɓe fikafikai da shi, mace mai ido kamar na shaho da harshe mai kaifi. Mutum ɗaya ne ya taɓa karya dokar a gabanta ya kwana lafiya.

Abin ya faru ne a kan wani ƙaramin jirgi da a da yake kai likita da wasiƙu gonaki masu nisa. Ya ƙare a gonar tumakin Coral Dunstan, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da gonar, kajinta kuma suka mayar da shi gidansu. Tsatsa ta ci rufinsa, masu sayen tsofaffin ƙarafa sun fara zarya, damina ɗaya ta rage ya zama tarihi na gaske. Merv ya sha shayin Coral har ya gode Allah, ya gina wa kajin sabon akurki mai kyau, sannan ta yarda. Ranar ɗauka, ana shirin ɗaure jirgin a tirela, sai ta zo ta dafa kujerar baya.

"Wannan kam ba inda za ta," in ji ta. "Kajina ba sa ƙwai sai a kanta."

Noeline ta riƙe ƙugu. "Haba Coral! Ina ruwan kaza da kujera? Ko tsohuwar hular Merv kika ajiye mata ƙwai za ta yi, in dai ta iya jure warin."

Merv ya leƙa cikin jirgin. Ko'ina kashin kaji ne ya bushe ya yi tudu, amma kujerar nan tas take, fatarta har sheƙi take yi don shafa mai. Ya gane babu kazar da ta taɓa hawanta. Sai ya ɗauko sifana ya kwance ta da hannunsa.

"Ina zan ajiye miki, Uwargida? A sabon akurkin?"

"A baranda," ta ce tana kallon gefe. "Za su zo su same ta."

Tun daga ranar Merv bai huta da mu ba. Ya shigo da safe wani ya yi masa cara daga bayan injin. Ya ajiye hula ya dawo ya tarar da dafaffen ƙwai a ciki, ya ɓare ya cinye ba godiya. Mun shekara muna kankare tsatsa, Noeline ta ɗinke fikafikan, aka yi fenti, farfela ta koma wurinta, jirgi ya fito fes, sai dai a bayan kujerar matuƙi akwai wuri wayam da ramukan noti. Duk baƙon da ya leƙa sai ya tambaya. Noeline ta ce za ta haɗa sabuwa wadda ko wanda ya ƙera jirgin ba zai gane ba.

"A bar wurin, yana da mai shi," in ji Merv.

Ya ci gaba da zuwa gonar Coral duk lokacin askin tumaki, yana gyara mata famfo da shinge, yana shan shayi a baranda dab da kujerar, bai taɓa ko nuna ta da baki ba. Ana nan idanunsa suka fara hazo, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Merv ya karɓi maganar da dariya, amma wata rana na same shi tsaye yana kallon wurin nan, ya ce mini, "Duk sauran na kawo su cikakku. Wannan zan tafi in bar shi da giɓi." Abin ya taɓa ni ƙwarai. Noeline ta ce ita za ta buga wa Coral waya ta gaya mata gaskiya, Merv ya ce idan ta kuskura ba shi ba ita.

Ranar walimar bankwanan Merv da aikin tuƙi muna gashin nama a bakin rumfa sai ga wata mota a-kori-kura ta tsaya, ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Wata mata mai furfura ce ke tuƙi, Coral na gefenta, kujera na ɗaure a baya an rufe ta da bargo.

"Kajin sun yi ritaya, na ji kai ma haka," in ji Coral. "Na sayar da gonar, zan koma gari wurin 'yata. Ga ta nan, ita ta tuƙo ni." Ta ɗora hannunta a kan bargon. "Shekarar da ambaliya ta yanke hanya, a kan kujerar nan na rungume ta har asibiti, jikinta kamar garwashi. Ban zaci zan dawo da ita ba. Shi ya sa babanta ya sayi jirgin lokacin da aka daina aiki da shi. Ka sani ba kaji ba ne, ko?"

"Ni dai na ga kajinki akwai tsabta," in ji Merv.

Ta zaro wata kwalbar zuma daga jaka ta miƙa wa Noeline. Notunan kujerar ne, ba wanda ya ɓace, Noeline ta juye a tafin hannu ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗaure kujera a mazauninta. Coral ta ce ba mai fara zama sai Merv.

"Ba dai zai tashi ba ko?" ya tambaya yana riƙe da ƙofa.

"Ko ɗigon mai babu a ciki, matsoraci. Hau!" in ji Noeline.

Ya hau, ya zauna, ya cire hula. Muka yi ta tafi, shi kuwa hawaye na bin kumatunsa, yana cewa hayaƙin nama ne.

Kai ne, Merv, mai haƙurin da ya fi ƙarfin tsatsa. Kai ne ka koya mana cewa kowane jirgin da muka ɗauko yana da mutanen da ya taɓa ɗauka, kuma su ake fara dubawa kafin ƙarfe. Ka sha tsokanarmu shekara da shekaru don kada ka sa wata baiwar Allah ta faɗi abin da ba ta shirya faɗa ba. Mun gode, dattijon arziki, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ku kuma masu karatu, duk mai hannu biyu da ranar Asabar da ba shi da abin yi, rumfar a buɗe take, akwai rariya mai jiran ku. Ku zo ku koyi aikin, ku koyi haƙurin mai shi. Za ku same shi a can, don har yanzu yana takowa da ƙafa kowace safiya. In ba ku gan shi a bakin ƙofa ba, ku leƙa ƙaramin jirgin likita. Yana kujerar baya da kofin shayinsa.