Madam Philomena da Hannun Zinariya Mai Kitso

Ƙarfe bakwai na safe Madam Philomena ta riga ta sauka daga adaidaita a ƙofar wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, ta share ɗakin gashin ƙashi da kanta. Shekara talatin da ɗaya tana haka, wallahi ko hotonta babu a bango.

Ku tambayi Zinariya mai kitso a Kwaciri. Hannunta na dama ya fara sagewa, yatsu biyu suka mutu, tsinken kitso yana faɗuwa a kan amarya. Da hannun nan take ciyar da 'ya'ya huɗu. Dangi suka ce mataccen jini ne, aka kafa mata ƙaho sau uku, aka ɗaure hannun a ƙirji da gyale har wata biyu wai ya huta. Innalillahi! Ashe ƙara rusa kafaɗar ake yi.

Da aka kai ta asibitin, Madam ta kwance gyalen, sai ta dafe kai. "Yesu! Wa ya yi miki wannan? Hajiya, hannunki lafiya lau yake. Jijiya ce ta matse a ƙasan wuya."

Zinariya ta saki baki. "Wuya kuma, Madam?"

Washegari sai ga Madam a shagon kitso, ba wanda ya aike ta. Ta tarar kujerar masu zuwa kitso doguwa ce, Zinariya na wuni hannu a sama. Ta sa aka kawo kujera 'yar tsugunno, ta koya mata miƙa ƙirji a bakin ƙofa da ja da kafaɗa baya, ta hana ta rataya jaka a wannan gefen. Shi ke nan fa! Ba wuƙa, ba allura. Wata huɗu, yatsu suka farfaɗo.

Ke ce gwanar hannu, Madam. Ke ce mai bin ciwo har wurin da ya samo asali.

Ranar da Madam ta ajiye aiki muka ga abin da ya girgiza mu. An miƙa mata robar ruwa, ta kasa buɗewa, manyan yatsunta sun kumbura sun karkace saboda danna jikin mutane. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Zinariya ta karɓa ta buɗe mata, tana kuka.

Mun gode, Madam, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa a wannan aiki, ku riƙa tashi daga ofis kuna zuwa ku ga yadda mutum ke neman abincinsa. Mu kuma da ta gyara, mu je gidanta mu kama mata aiki, don hannuwanta a jikinmu suka ƙare.