Sifikar Baba, Ɗaya a Tambuwal Ɗaya a Kebbe

Na sha wahalar akwatin nan fiye da duk wani babur da na taɓa kwancewa, kuma tun ina saurayi gyaran babur nake yi a Tambuwal. Babur in ya ƙi tashi ka san inda za ka duba. Sifika kuwa sai ta yi maka shiru tana kallonka.

Akwatuna biyu ne na katako, kowanne ya kai mini ƙugu, da baƙin yadi a fuska. Babanmu ya zo da su lokacin yana akawu a birni, tare da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da injin faifai. Muna yara ba mu isa mu taɓa ba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci yakan shimfiɗa buzu a tsakaninsu, ya ɗora faifai ɗaya da yake so, na wani makaɗin kotso da 'yan amshinsa, ya rufe ido. Mu muna leƙe ta taga.

Da ya rasu anka kira malami don rabon gado. Gona ta rabu lafiya, gida ya rabu lafiya. Da anka zo kan sifika malam bai ko tsaya tunani ba, akwati biyu, maza biyu. Ya nuna da sanda: "Wanga naka, wanga naka." Kowa ya ce an yi adalci, har da ni. Amfilifaya da inji da faifai sunka faɗa rabon ƙanwarmu, ita kuma ta bar mini su don ba ta da wurin ajiya. Yaya ya sa nasa a mota ya tafi da shi Kebbe, inda yake aiki a asibiti.

Sai da na haɗa tawa na gane abin da malam ya raba. Ashe faifan nan an yi shi ne mawaƙi a akwati ɗaya, 'yan amshi a ɗayan, kiɗa kuma a duka biyun. In na ɗora, kotso ya tashi, sai wata 'yar murya can nesa kamar mutum a cikin rijiya, sannan ƙattai su amsa da ƙarfi maganar da ba wanda ya ji. Na san za a ce in canja wayar zuwa ɗaya gefen amfilifaya. Na canja. Sai mawaƙi ya fito shi kaɗai yana ta kira ba mai amsa masa, abin ya fi ban tausayi. Shekaru ina jin waƙar Baba rabi-rabi. Abin da nake so bai da yawa: akwatunan su zauna wuri ɗaya, in ji ta cikakkiya kamar yadda ya ji.

Ni da Yaya ba faɗa muke ba. Muna haɗuwa wurin suna, muna haɗuwa wurin gaisuwar mutuwa, mu tambayi iyali, kowa ya kama hanyarsa. Bayan an gama girbi wata shekara na hau babur na tafi Kebbe ba suna ba mutuwa.

Matarsa ta fara ganina. Tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya.

"Maigida ƙarami! Ɓatan hanya ka yi, ko man babur ya yi maka yawa?"

"Dukiyar Yaya na zo gaidawa. Ina akwatin Baba?"

"Teburina? Ga shi can madafa. Nan nika aje kwanon tuwo, kusu bai hawa."

Na ɗaga yadin fuskar na leƙa. "Bai hawa, Hajiya, don ciki yake kwana."

Gara ta cinye gindin. Hayaƙi ya mayar da katakon kamar bayan tukunya. Sifika tana da wata baƙar takarda mai kamar mazurari, ita ke motsi ta ba da sauti, an kewaye bakinta da soso mai laushi. Soson nan na taɓa shi da yatsa ya zube kamar garin kuka.

Yaya ya dawo daga aiki, ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya saurare ni.

"Gado ne," ya ce. "Ba ni saidawa, ba ni kyauta."

"Aro fa, Yaya? In gyara."

Ya daɗe yana sakace haƙori. "Aro ana maidowa."

"Ana maidowa," na ce, kamar yadda nake ce wa mai babur ya dawo da la'asar. Wa zai nemi teburin tuwo da gara ta ci?

Wata uku na yi a kansa. Kafinta ya canja gindin ya shafa masa mai. Na kwashe sheƙar kusu, na samu wayoyin ciki duk ya gwada haƙori a kansu, na yi ta liƙa su da dalma ɗaya bayan ɗaya. Soson ne ya hana ni sukuni. Kowane shago na shiga a kasuwa sai a nuna mini wata 'yar sifikar roba mai walƙiya da ake haɗawa da wayar hannu, a ce wannan ta fi ƙara. Ba ƙara nake nema ba, amma ka bayyana wa mutum haka sai ya dube ka kamar ba ka da lafiya.

Na yi abin da na iya. Na yanka tsohon tib na tayar babur na manna a madadin soson. Ya zauna daram, kyau kamar daga kamfani. Da na kunna, mawaƙin ya fito kamar rago mai mura. Robar ta yi tauri, takarda ba ta motsi. Wajen ɓarewa na yaga gefen takardar, na zauna na dafe kai, na ce yau na ƙarasa abin da kusu ya fara.

Wani tsohon mai gyaran rediyo a Dogon Daji ya cece ni. Idonsa ya tafi, amma hannunsa yana gani. Ya shafa takardar ya ce in nemo yadin tsohuwar lema, in yanka shi zobe, in shafa gam ɗin faci siriri, in bari ya kwana biyu. Yagewar kuma takardar buhun siminti ta ciki, falle ɗaya. Na yi. Na ɓata zobe uku kafin na huɗu ya zauna. Tunda na koya, na yi wa tawa ma, don soson nata ya fara bin na 'yar'uwarta.

Ranar da na haɗa su biyu na yi wanka na sa riga. Na kunna janareta na kai shi can bayan gida. Na ɗora allurar inji a kan faifai. Mawaƙi ya fito, 'yan amshi sun fito, amma babban kotso ya ɓace, sautin ya zama holoƙo, yana yawo a ɗakin kamar bai san inda zai zauna ba. In na cire ɗaya ganga ta dawo. In na haɗa biyu ta gudu. Kwana shida ina zargin amfilifaya, har na kwance ta. Na koma Dogon Daji.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Wace waya ka sa?"

"Ta wuta, fara."

"Sili biyun duka farare? To ta ina ka san kai da gindi? Ai ka juya wa sifika ɗaya baki. Wagga tana turawa, waccan tana ja. 'Yan gida ɗaya ne, amma ba su jituwa."

Na ce masa wannan ciwon na san shi. Na dawo na juya waya ɗaya, aikin da bai kai shan ruwa ba. Kotso ya bugo ni a ƙirji.

Da na yi shiru da bakina da yanzu ba ni wannan rubutu. Amma mutum in ya yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarsa yana son shaida. Na aika wa Yaya ya zo ranar Juma'a.

Ya zo a babur ɗinsa, Hajiya a baya. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakanin akwatunan. Mawaƙi ya yi kira daga hagu, 'yan amshi sunka karɓe daga dama, ganga a tsakiya. Yaya ya rufe ido. Ban taɓa lura yana kama da Baba ba sai ranar, har yadda yake kaɗa babban yatsan ƙafa. Faifai ya ƙare, allura tana ta ƙarar-ƙarar, ba wanda ya tashi. Ya goge fuska da hula.

"Allah shi jiƙan tsoho," ya ce.

"Amin."

"Aiki ya yi kyau, ƙanena. Wallahi ya yi kyau." Ya miƙe ya kaɗe riga. "Samo igiya ka ɗaura mini nawa."

Na ɗauka wasa ne. Hajiya ma ta ce, "Haba Malam, mi za ka yi da shi? Ni na riga na sami wani teburin."

"Aro ya ce. Ni ban tilasta shi ba."

"Yaya, ba ka da amfilifaya. Ba ka da inji. Ko faifai ba ka da shi."

"Ina da gadona."

Ba gardamar da zan yi, da bakina na faɗa. Ni na ɗaura masa da hannuna, na sa tsumma kada igiya ta ci katakon. Hajiya ta rasa wurin zama, sai mota na sa ta. Ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida ƙarami, ka gyara wa kusu ɗaki, Allah shi biya ka."

Kafin ya tayar da babur ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zaurena ya fi ɗakinka faɗi. Kuma Juma'a ba ni zuwa ko'ina."

Na koma ciki na ɗora faifan. 'Yan amshi sunka ci gaba da amsa wa iska. Da can ina iya jurewa, don na manta yadda take. Yanzu ko rabin waƙa ban kai ba na ɗage allura.

Da safe ban buɗe shago ba. Na naɗe amfilifaya da inji cikin bargo, na sa faifan a tsakanin kwali biyu na cusa a riga, na ɗaura akwatina a bayan babur, na kama hanyar Kebbe a hankali saboda ramuka.